Mai Burodi Ta Bar Burodi

Ka taɓa ganin mai yunwa yana sayar da abin da ya haramta wa bakinsa?

Ga ta nan bayan teburin sayarwa a gidan burodi, mace mai jiki, rigar aiki ta ɗame ta a hammata. Tunda mai shagon ya ce tsayawa wurin sayarwa sai wadda riga ta zauna mata, sauran su koma bakin tanda, ta yanke cin burodi da shinkafa da sukari. Abincinta ƙwai biyu ne da kabeji, tana ci a tsaye kamar mai shan magani.

Ana fito da burodi da zafinsa. Tana naɗe wa mai saye guda, ɓarɓashi ya maƙale mata a yatsa. Yatsan ya kama hanyar baki, ya tsaya, ta goge shi a riga.

"Yaya, lasa mana," in ji abokiyar aikinta, siririya, baki cike da kek. "Wa zai kai ƙara?"

"Sikeli," ta ce, ko murmushi babu.

Kilo huɗu ta sauke, wuyanta ma ya nuna. Wataƙila yaranta sun fara tambaya ko lafiya. Sai ga mai shagon da tumbinsa, ya dube ta sama da ƙasa.

"Baiwar Allah, yaushe za ki fara rage jikin nan ne?"

"Na kusa, ranka ya daɗe."

Gobe, da yunwarka, riƙe burodi mai zafi, ka shaƙi ƙamshinsa, ka ajiye. Don Allah gwada sau ɗaya, kafin ka sake yi wa mai ƙiba dariya.