Ruwan Zafin da Ya Rufa wa Ciwon Inna Saudatu Asiri

A Ƙofar Ƙaura da wuya ka shiga gida ba ka tarar da wanda Inna Saudatu ta yi wa wankan farko ba. Ungozoma ce. Ita ke yanke cibi, ita ke tsoma ganyen darbejiya a tafasasshen ruwa ta fyaɗa wa mai jego, sannan ta ɗora jariri bisa ƙafafunta ta wanke shi, ta mimmiƙe masa gaɓoɓi.

Ciwon ya shigo mata ba sallama. Da asuba takan farka yatsunta sun sandare, dama da hagu lokaci guda, gaɓoɓin a kumbure suna zogi, ko ƙullin zane ba ta iya kwancewa. Amma sana'arta ta rufa wa ciwon asiri: da ta isa gidan jego ta tsoma hannu a ruwan zafi, sai yatsun su saki. Ta ce sanyi ne. Kowa ma ya ce sanyi ne. Wanzami ya yi mata ƙaho, ta sha saiwoyi masu ɗaci, shekaru suna ta wucewa.

A shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, ɗiyarta tilo, Juwairiyya, ta sami ciki bayan dogon jira. Daga nan Inna ba ta da wani buri a duniya sai ta wanke jikanta da hannunta. Amma a lokacin yatsun sun karkata gefe guda, kamar dawar da iska ta kwantar.

"Ke Saudatu, wanga hannu ne ko ƙafar kaza?" in ji Asabe, maƙwabciyarta kuma abokiyar wasanta.

"Ƙafar kazar ce ta wanke miki 'ya'yanki masu kan gwanda."

Suka yi dariya. Amma a makon nan wani jariri ya kusa suɓuce mata cikin kwano, ta tare shi da gwiwa. Ba ta gaya wa kowa ba. Sai dai ta ce da surukinta Sammani, ɗan acaba, ya kai ta asibiti.

Likitan ya lallatsa gaɓoɓin, ya tambaye ta yaushe suke saki da safe.

"Sai hantsi, in ban sami ruwan zafi ba."

Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton hannun. Da ta koma, ya ce, "Inna, ba sanyi ba ne, ba sammu ba ne. Garkuwar jikinki ce, wadda ya kamata ta tsare ki, ta juyo tana cin gaɓoɓinki. Ba a san ainihin abin da ke tayar da ita ba. Ya fi kama mata, wani lokaci yana bin dangi."

"Ɗan nan, za su miƙe kafin ɗiyata ta sauka?"

Ya ce, "Magani zai rage zogin, ya tsare abin da ya saura. Wanda ya riga ya karkace, ya karkace."

"To, ruwan zafin fa?"

"Lallashi yake yi, Inna. Ba ya warkarwa."

Juwairiyya ta sauka lafiya, ta haifi mace. Inna ta sa aka zuba mata ruwan zafi a kwano, ta tsoma hannuwanta tana jira, yadda ta saba. Ta jira har tururin ya ɗauke, ruwan ya huce. Yatsun ba su buɗe ba.

Aka miƙo mata jaririyar, ja-wur, tana santsi. Wuyan jariri buɗaɗɗen tafin hannu yake so. Inna ta fi kowa sani. Ta daɗe tana kallon yarinyar.

"Asabe, karɓi."

Asabe ta karɓa, yau babu tsiya a bakinta. Inna ta matso, ta taɓa sabon ruwan da aka zubo da bayan hannu.

"Ya yi zafi, a sirka. Tallafi wuyan. A hankali, ke, ba wankin tukunya kike ba."

Jaririyar ta tsala kuka. Inna ta mayar da hannuwanta bisa cinya, ta rufe su da gefen mayafi.