Bayan Katangar Gidan Kaji

Wata rana wata malamar Islamiyya, Malama Zulai, ta je wurin wani Alhaji mai katafaren gidan kaji a unguwarmu.

Ƙara ta kai.

In an kwashe shimfiɗar kaji, wato ɓuntun shinkafa da kashi da gashi duk a bushe, yaran aikin Alhaji sukan tankaɗe ta da rariya, masu kiwon raguna su saya su haɗa a abincin dabbobinsu. Alhaji ba ya son masu sayen ƙwai su ga ƙura a ƙofa, sai ya ce a koma bayan katanga.

Bayan katangar nan kuwa rumfar Islamiyyar take.

Da la'asar ake tankaɗe, da la'asar yara ke karatu.

Malama ta ce yara na tari, a taimaka. Alhaji ya ce shi a cikin filinsa yake, iska kuma ba shi ya halicce ta ba. Ya sa aka ba ta kiret ɗin ƙwai. Ta bar masa abinsa ta tafi.

A gida kuma, 'yar autarsa Rumasa'u ta fara tarin da ba ya jin magani. Sai ƙirjinta ya riƙa kuka, tana jan numfashi da ƙyar.

Likita ya ce asma ce, a nisanta ta da ƙura.

Alhaji ya sa aka cire kafet, aka canza labule, har kyanwar gidan sai da aka kora. Ciwo na nan.

Ranar da direba bai zo ba, matarsa Hajiya ta ce wa Alhaji ya ɗauko yarinya daga Islamiyya. Sai da ta yi masa kwatance. Mazanmu kenan, a biya kuɗin wata amma ba a san ƙofar makarantar ba.

Yana bin kwatance, yana bi, sai ga shi a bayan katangarsa.

Ƙura na zubowa ta saman katanga kamar ana zazzage buhun gari. Yara sun toshe hanci da hijabi suna biya karatu. Rumasa'u na gefe, ta dafe ƙirji.

Ya ce, "Haba Malama! Me ya sa ba ki ce mini da 'yata a ciki ba?"

Ta ce, "Alhaji, sauran ma 'ya'yan wasu ne."



A ranar aka daina tankaɗe a wurin. Rumasa'u kuwa har yau da maganin asma na shaƙa a jakarta take zuwa makaranta.

Darasi: Kafin ka juya ƙazantar sana'arka bayan katanga, zagaya ka ga wanda ke zaune a wurin. Kada ka jira sai ka tarar da naka.

Tura wa duk mai kiwon kaji da ka sani, musamman wanda gonarsa ke cikin unguwa.