Geron Iya Dije Mai Shan Hayaki

Duk wanda ya taɓa shiga madafar kakata Iya Dije, a ƙauyenmu na gefen Gwiwa, ya san dokar: ka sunkuya. Wani ɗan damin gero ne rataye a saman murhu, ya sha hayaki har ya yi baƙi. Irin geron marigayi kakanmu ne, tun tana amarya suke shuka shi tare. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, sai dai "mai gonar". In kanka ya taɓa damin nan, ranar sai ka ji yadda uwarka ta sha wuya wajen haifo wannan ƙaton kan.

Shekarar da Baba ya kawo sabon iri daga gari, wanda aka cuɗa da jan magani, ta juya shi a tafin hannu ta taɓe baki.

"Gero da jan baki? Wannan biki za shi, ba gona ba."

Ya shuka nasa, ta bi gefen gona da nata, ko kallon nasa ba ta yi.

Da ciwon ƙafa ya kwantar da ita a asibiti a Kazaure, ruwan farko ya sauka. Gari na wayewa gado wayam. A hanya Baba ya cim mata a bayan ɗan acaɓa, tana ta masa faɗa wai ba ya sauri. Ya ce, "Iya, likita fa ya ce ki huta." Ta ce, "Likitan ne zai cika mana rumbu?"

Ni kuwa mijin banza take kirana, tunda ba ni da gona. Da zan tare da iyalina a Kano ta damƙa min ƙullin iri a tsumma. Na ce ai a bene nake, ba ƙasa.

"Bokiti ma babu?"

Dole na shuka. In na kira waya, kafin matata geron take tambaya. Tsoronta ɗaya, kada kowa ya koma shuka mai jan baki, irin mai gonar ya bi ta kabari.

Saura kaɗan ya bi ta ɗin. Da ta rasu, wasu baƙin mata masu taya aiki suka ga dami a sama, suka sussuke shi suka dama kunun sadaka. Masu gaisuwa na ta cewa kunun nan da ƙaurin hayaki. Da Baba ya ɗaga kai ya ga igiya zalla, sai ya zauna a ƙasa ya yi kukan da bai yi a makabarta ba.

Na dawo Kano na yanko 'yan zangarniyoyin bokitina na kai masa. A tsakiyar gona ya shuka su. Bana dami ya koma saman murhu, kuma shi ne yanzu yake daka wa jikoki tsawa su sunkuya.

Allah ya jiƙanki, Iya. Ya haɗa ki da mai gonar a inda ruwa ba ya yankewa.