Madubin Hangen Nesa da Jar Saniyar Inna

Jama'a, yau saura ƙiris in sha duka a kasuwar Makoda!

Da hantsi na je rumfar Malam Sabo mai kayan mafarauta. Madubin hangen nesa nake so, don hango tsuntsayen da ke cinye min gero. Ya fito da guda uku. Mai arahar dishi-dishi yake nunawa, mai tsadar kuwa ya fi ƙarfina. Ya miƙo na tsakiya ya ce, “Gwada wannan, Malam. Ba nauyi, kuma har jinjirin wata za ka gani da shi.”

Na rataya a wuya, na saita can bakin gonaki. Tar! Wallahi sai ga jar saniyar Innarmu mai karyayyen ƙaho, wani dattijo na janye da ita! Kwana biyar da ɓatanta, Inna ko abinci ta kasa ci.

Ai sai na zuba da gudu! Malam Sabo ya biyo ni yana ihu, “Ku tare shi! Madubina!” Kasuwa ta ɗauka.

Na cim ma dattijon ina haki, mutane a bayana da sanduna. Na ce, “Saniyar Innarmu ce!” Dattijon ya ce, “Taku ce? A gonata na tsince ta, gidan Dagaci zan kai.”

Malam Sabo ya iso, ya dubi saniya, ya fashe da dariya. “To, ka yarda yana gani?”

Nan take na saya!

Yanzu haka madubin yana hannun Inna. Wai zabuwarta da ta ɓata bara take nema.