Na Tura Tsohuwa a Kan Ruwa

Talata: Soundview zuwa JFK

Ƙarfe biyar da rabi, ina idar da sallar asuba, na ja akwatina na bar unguwarmu Soundview. Unguwar Port Richmond na fara zuwa, na yi wa Mama Resi wanka na shirya ta. Baturiya ce, shekararta tamanin ba ɗaya, ƙafafunta sun daina ɗaukarta, shekara shida ke nan ina kula da ita. Ta kafe sai ta ga ƙofar gidansu a Turai kafin ta mutu, kuma wai lallai sai a watan Fabrairu. 'Yarta Linda ta gaji da musu ta yanki tikiti uku.

Malam Isuhu ɗan Nijar ne ya kai mu filin jirgin JFK da la'asar. "Hajiya Hawa, mutane na gudun sanyi, ke kina bin sa har gidansu?"

Na ce, "Kai dai riƙe sitiyarinka."

Laraba: Milan zuwa Merano

Awa takwas muka yi a sama. Daga Milan jirgin ƙasa ne, canji biyu, kowane canji ni ke fama da keken Mama. A masauki aka kawo naman alade an yanka shi fale-fale kamar takarda, wai shi ne karamcinsu. Na jiƙa garina na sha.

Alhamis: cikin kwarin

Ƙarfe tara muka hau ƙaramin jirgin ƙasa muka shiga kwarin Vinschgau. Awa ɗaya da kwata muna hawa, kogi a gefe, duwatsu dama da hagu sun tokare sama, farare fat. Gonakin tuffa kuwa har ido ya gaji, ba ganye ko ɗaya. Ni da na koyi karatu da furfura ba na barin allo ya wuce ni, sai na ga kowace tasha suna biyu gare ta. Na tambaya.

Mama ta ce, "Babana ɗan Ostiriya aka haife shi. Aka gama yaƙi, ya wayi gari ɗan Italiya, bai matsa daga gadonsa ba. Har yarenmu aka hana a makaranta."

Daga tashar Mals muka hau bas, minti talatin. Muka sauka bakin wani fili fari, shimfiɗe, ba gida ba bishiya. A cikinsa hasumiyar coci ce tsaye ita kaɗai, rabinta a nutse.

"Mama, ina ƙauyen?"

"Ga shi ƙarƙashi."

Ashe tafki ne ya daskare. Mama tana yarinya aka yi dam ɗin wutar lantarki, aka fasa gidajensu, aka tone kaburbura aka kai tudu, ruwa ya haɗiye sauran. Da rani sai dai kallo daga gaɓa. A sanyi kaɗai ake takawa. Sai a nan na gane Fabrairu.

Linda ta ce ba mai hawa da uwarta kan ƙanƙara. Tsohuwa kuwa ni ta zuba wa ido.

Na ce, "Linda, teku muka tsallako da ita don ta ga gaɓa? Matsa."

Cika baki ne kawai. Na ga wasu na yawo a kai har da karensu, na yi bisimilla na tura. Ƙanƙarar na ƙara a ƙarƙashin taya, ina Ayatul Kursiyyu ina kuskure. Da muka kai hasumiyar, Mama ta ce in juya hagu, ta shiga ƙirga takuna da yarensu. A na arba'in da biyu ta ɗaga hannu.

"Nan ne madafinmu."

Na share mata wurin da takalmi. Baƙar ƙanƙara ce kawai, amma ta daɗe tana kallo, tana kiran sunaye. Can ta ce, "Hawa, me ya sa ki kuka? Ba gidanku ba ne."

Na gaya mata abin da ban taɓa gaya mata ba: gidan da aka haifi uwata a zangon Kete Karachi, can ƙasarmu, shi ma yana ƙarƙashin tafkin Volta. Har ta rasu tana kwatanta mana ƙofarsa.

"Kin kai ta?"

"Mama, namu ruwan ba ya daskarewa."

Litinin: gida

Ƙarfe huɗu na yamma muka sauka JFK, Malam Isuhu na jiranmu. Na kwantar da Mama a Port Richmond, ta yi barci ba ko maganin barci. Na gode wa Allah da ya riƙe ƙanƙarar nan, ya maido mu Soundview da ƙafafunmu a bushe.