Hannun da Aka Ce Yana Cin Gashi

Ƙamshin man kaɗanya da aka narka a murfin gwangwani nake fara tunawa. Wata Asabar ce, a gidan hayarmu na Coal Camp cikin Enugu. Yayata ta zo gida wankan jego, arba'in ta wuce ba ta koma ba, har jaririnta ya kai wata uku. Ni kuwa shekarata goma sha biyar, na koyi kitso a kan ƙawayena, ba abin da nake so kamar a ba ni kan babba.

"Zo ki yi min shuku," in ji Yaya. "In kika ɓata, da haƙori za ki tsefe."

Na hau turmi, ta zauna tsakanin ƙafafuna. Ina sa mataji sai gashi ya biyo shi. Na sake a hankali, ya sake biyowa, har ya taru a cinyata kamar auduga baƙa.

Umma ta leƙo daga madafa, ta daɗe tana kallo.

"Tashi, 'yar nan. Hannunki cin gashi yake yi."

A wajenmu haka ake cewa: akwai makitsiyar da hannunta ke sa gashi tsawo, akwai wadda nata ke cinye shi. Maƙwabciyarmu 'yar Ibo ta ce ruwan da motar tanka ke kawo mana ne. Umma ta ce ai ruwan nan kowa ke wanka da shi.

An ce in binne gashin bayan ɗaki. Kafin in binne, na ɗaga shi a rana. Ko ɗaya bai tsinke ba. Kowane sili da ɗan farin kai a gindinsa, bai kai ƙwayar gero ba, kamar ya gama zamansa ne ya fito da kansa. Na yi ta mamaki, amma ban san wa zan tambaya ba.

Magana ta zaga gidan. Ƙawayena suka daina kawo min kai, ni ma na daina roƙo. Da gashin Yaya ya dawo, wata makitsiya aka yaba.

Sai a jami'a na ji bayanin. Sinadaran da jikin mai ciki ke fitarwa suna hana saiwar gashi hutawa, wanda ya kamata ya zube sai ya tsaya. In ta haihu sinadaran suka ragu, sai saiwoyin su tafi hutu tare, bayan kamar wata uku gashin ya zubo lokaci guda, ko wa ya riƙe mataji.