Sukarin Da Ya Sha Sabulu A Hanyar Damagaram

Litinin: Gwaram zuwa Kano

Ƙarfe biyar da rabi, muna idar da sallar asuba, na fito daga gidanmu a Gwaram, shekara biyu bayan an daina fam da sule. Mahaifina ya rako ni bakin titi yana dafe da kafaɗata, domin yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma sai a hankali. Shekara ashirin ya yi yana kai kayan kanti Damagaram, wurin mai masaukinsa Alhaji Mamman. Ni kuwa, Haruna, abin da na iya shi ne noma a gonarmu ta Basirka. Likita ya hana Baba doguwar tafiya, amma ya rantse in Alhaji Mamman bai yarda da ni ba, shi zai koma hanya da kansa, ko da lalube ne. Wannan magana ita ta fi komai tsaya mini a rai.

"Haruna, ka ji ni da kyau," in ji shi. "Sukari da ganyen shayi a gaba. Sabulu da turare can baya. Kwanuka da fitilu a tsakiya, su raba su."

"Baba, ai jiya ka faɗa mini."

"Shekaranjiya ma na faɗa. Hau mota, Allah ya tsare."

Ƙarfe bakwai muka shiga Birnin Kudu. A tasha na iske Malam Ɗanjuma, mutumin Surko, direban babbar mota mai bodin katako wanda ya saba ɗaukar wa Baba kaya. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Ɗan Alhaji, yau fartanya ta samu hutu ke nan?" Na saya masa koko da ƙosai na kwabo biyar don ya rufa mini baki, bai rufe ba har Kano, wajen mil tamanin. Sha ɗaya da rabi muka isa.

Bayan azahar muka yi lodi a Fagge: sukari kwali arba'in, ganyen shayi, sabulun wanka mai ƙamshi, turare, kwanukan sha, fitilun ƙwai, ashana, batir, da atamfa dila biyu. Na tsaya a kan 'yan dako har suka gaji da ni, amma komai ya zauna inda Baba ya ce. Muka kwana gidan wani kawuna, ina jin kaina cikakken falke.

Talata: bakin iyaka

Ƙarfe shida muka bar Kano. A Kazaure 'yan sanda suka duba takardun mota suka sallame mu. Muka ci waina a Daura, goma da rabi muna Kwangwalam, bakin iyaka. 'Yan kwastan na Nijeriya ɗaga tampol kawai suka yi, suka gwada da takardar kaya, suka buga hatimi. Na ce ashe abin ba wuya. Malam Ɗanjuma ya ce in ajiye murnata sai mun tsallaka.

Aikuwa, kwastan na Nijar, waɗanda can ake kira duwan, suka ce a sauke komai a ƙasa. Wani dogo mai gajeren wando ya bi kwalayen ɗaya bayan ɗaya yana sa musu alli, bai gama ba sai sha ɗaya da rabi.

"Ɗan Alhaji, ka yi sauri," in ji Malam Ɗanjuma. "Mutanen nan sha biyu na yi suke rufe ofis, sai uku da rabi. Kuma ba sa buga hatimi sai kaya na kan mota."

Ya tafi bin layin takardu, ya bar ni da 'yan dako huɗu. A nan manomin da ke jikina ya tashi. Duk wanda ya taɓa loda amfanin gona ya san mai nauyi a ƙasa, mara nauyi a sama. Haka na sa aka yi: sukari a ƙasa, sabulu a kansa tun da shi ke bi masa a nauyi, sauran tarkace a bisa. Cikin minti ashirin da biyar muka ɗaure tampol, har ina yaba wa kaina. Muna isa tagar ofis, mai hatimi yana hawa kekensa.

Mota ta yini a rana har ƙarfe huɗu. Da aka sallame mu, yamma ta yi, muka yada zango a Matamaye. Wata mai tuwo ta ƙi karɓar kwabona, sai da Malam Ɗanjuma ya biya da sefa, kuɗin Nijar, yana yi mini dariya.

Laraba: Damagaram

Da sassafe na hau mota don in ƙara ɗaure igiya. Ina ɗaga tampol ƙamshi ya buge ni. Kwalin sabulu ɗaya ya fashe, zafi ya narkar da shi a kan sukari. Na fasa fakiti ɗaya na ɗanɗana. Kai ka ce bakina na wanke. Muka sauke muka duba, kwali shida sun ɗauki ƙamshin.

Malam Ɗanjuma ya yi salati, sannan ya sassauta murya. "Ka goge su ka cusa cikin sauran. Ƙauyuka za a rarraba su, kafin wani ya ji mun kai gida. In ka faɗa, Alhaji Mamman zai ce ba ka iya ba, babanka kuma ya dawo hanya da idon nan nasa."

Ba zan ɓoye muku ba, maganar ta shige ni. Tun daga Matamaye har muka hango duwatsun Damagaram, kusan awa biyu, ina juya ta. Abin da ya hana ni shi ne tunanin wani mai shayi a ƙauye yana dawo wa Alhaji Mamman da kaya, yana kiran sunan Baba.

Ƙarfe tara da rabi muka tsaya a ƙofar gidan Alhaji Mamman. Dattijo ne siriri mai farin rawani. Muka gaisa, ya tambayi idon Baba, ya tsaya yana kallo ana sauke kaya. Da aka gama na jawo kwali shidan nan gefe, na durƙusa.

"Baba Alhaji, waɗannan sun sha sabulu. Ba laifin direba ba ne, ni na yi lodin a iyaka."

"Babanka bai gaya maka ba?"

"Sau uku ya gaya mini."

Ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. "Ɗana, tun mota na shan kwana hancina ya ba ni labari. Jira nake in ga ko bakinka zai bi bayansa." Ya sa aka baje fakitocin a inuwar zaure su sha iska, ya ce ba za a kai su kasuwa ba, a gida za a shanye su, kuma ni zan fara. Kwana uku na yi a gidan, kullum shayi zagaye uku safe da yamma, duk da sukarin nan. Duk sanda na kurɓa sai ya tambaye ni, "Ya yi kumfa?"

Asabar da Lahadi: komawa gida

Muka lodo kanwa da dabino, ƙarfe shida na safiyar Asabar muka juyo. A wannan karon mai hatimi na nan. Muka kwana Kano, Lahadi bayan la'asar na sauka a Gwaram.

Na iske Baba a zaure, jakar tafiyarsa ta fata a kusa da shi, an riga an kakkaɓe ta. Na ba shi labari duka, ban rage komai ba, sannan na miƙa masa fakitin sukari ɗaya da Alhaji Mamman ya aiko masa. Ya kai hanci ya shinshina, sannan ya tambaye ni.

"Ba wani saƙo?"

"Ya ce in gaya maka ka huta. Wata mai zuwa ni yake jira."

Baba ya lalubo jakar ya ɗora mini a cinya, hawaye na bin gemunsa, ni ma ban iya riƙe nawa ba. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa Alhaji Mamman da Malam Ɗanjuma. Jakar nan shekara goma sha tara na yi ina rataya ta zuwa Damagaram, Baba bai sake taka bakin iyaka ba.